Sakan Biyar da Aka Ƙara wa Tsoho

Maigidana ya shekara talatin da wani abu yana tuƙa motar alhazai. A kwanakin aikin Hajji, daga Arfa zuwa Muzdalifa, tafiyar da mai ƙafa zai yi har ya shimfiɗa tabarma ya huta, shi sai ya kwashe sa'o'i yana taka birki yana saki, alhazai a bayansa suna tambaya ko an kusa. Ina jin shi ya sa duk duniya ba abin da yake so kamar tseren motocin nan masu kama da ƙwaro, waɗanda mutum ɗaya ke kishingiɗa a ciki da hular kwano. Nakan ce masa, "Alhaji, kai da mai tura keken tsofaffi ke wuce ka a Mina, me ya haɗa ka da masu gudu?" Sai ya ce ai mai jin yunwa ya fi kowa sanin ƙamshin miya, in bar shi ya shaƙa.

Ran Lahadi ake yin tseren, ba kuma kowace Lahadi ba. A nan Makka Lahadi ranar aiki ce, amma in akwai tsere, Alhaji zai san dabarar da ya yi ya dawo da wuri. Ya yi la'asar, ya zauna a ƙasa ya jingina da kujera, in kawo masa shayi da na'ana'a. Kafin motocin su tashi wayarsa za ta yi ƙara. Ɗanmu ne, daga can gabas inda yake aiki a bakin teku. Alhaji yana bayan wani direba da ya daɗe ana yi da shi, ya sa masa suna Tsoho. Ɗan kuma yana bayan wani sabon jini, shi ne Yaro. Daga nan sai musu, rabi Larabci rabi Hausa, ana dariya ana rantse-rantse, har a kaɗa tutar ƙarshe. Ni ina kicin, ina yi kamar hankalina na kan tukunya. Ta haka nake sanin ɗana ya yi mura, ko an canza masa wurin aiki, ko ya daina cin abincin rana.

Ɗan fari ne. Wanda ya tashi a inda na tashi ba sai na yi masa bayani ba. Ni daga wani ƙauye na ƙasar Kano aka kawo ni Makka, kuma a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, kuma ba wanda ya taɓa shakkar tana son sa, don kowa ya san alkunya ce. Na ɗauko abin nan cikin kayana na zo da shi ƙasar da ake kiran mace da sunan ɗanta na fari. Maƙwabtanmu Larabawa suna ƙwala min kira da sunan da ni bakina ba zai iya furtawa ba, in amsa ina sunkuyar da kai. In ina son sa sai in ce "kai," ko in ce wa ƙanwarsa, "Je ki kira yayanki."

Alhaji a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo a ƙafa ta Sudan, su sun daɗe da ajiye wannan al'ada. Ya sha ce min, "Nan ba Kano ba ce. Yaron nan da 'ya'yan Larabawa yake karatu, yana ganin yadda iyayensu mata ke rungume su a ƙofar makaranta." Ni kuwa in ce ba zan koyi rashin kunya da girmana ba. Akwai ranar da yaron yana shekara tara ya dawo makaranta, ya tsaya a ƙofar kicin da jakarsa a baya, ya tambaye ni da Larabci ko na manta sunansa ne. Dariya na yi, na ce ya je ya cire kayan makaranta. Bai sake tambaya ba. A lokacin na ɗauka ya gane, ashe ajiye maganar ya yi.

Alhaji ya rasu da zafin bazara, bayan Hajji da 'yan makonni, kwana biyu kawai ya yi a kwance. Aka sallace shi a Harami, maza suka wuce da shi, mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Ɗana ya zo, ya yi duk abin da ɗa zai yi, ya tsaya a layin masu karɓar ta'aziyya kwana uku. Ranar da zai koma ya shigo ya sumbaci goshina yadda 'yan nan suke yi, ni kuma na ce Allah ya kiyaye hanya, ina kallon bango. Ƙanwarsa ta yi mako biyu ta koma wa mijinta a Madina. Sai ya rage ni da takaba, wata huɗu da kwana goma, a hawa na uku na wani bene da muka koma tun da aka rushe tsohuwar unguwarmu ta kan dutse. A can da mutum ya yi tari maƙwabci zai ce sannu. A nan ba na jin kowa sai na'urar sanyaya ɗaki.

Ɗana dai, ba zan yi masa ƙarya ba, yana kira. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci.

"Ummi, kina lafiya?"

"Lafiya lau."

"Kina son wani abu?"

"Ba komai. Allah ya yi albarka."

In ya kashe sai in duba fuskar wayar, ko minti ɗaya ba mu cika ba. Ba na jin haushinsa, ni na koya masa. Amma ina jin tsoro. Na gane cewa duk abin da na sani game da ɗana ta bakin ƙofar kicin na tsince shi, kuma mai buɗe min ƙofar ya tafi. Na ga yadda za mu ƙare, ni da shi, gaisuwar Juma'a har ranar da za a kira shi ya zo ya tsaya a wani layin. Kewarsa nake yi kamar in yi ihu, amma shekara talatin da biyu ban taɓa ce masa ko "yaya aiki" da sigar hira ba, ta ina zan fara?

Wata Lahadi bayan la'asar, shirun ya yi min yawa, na kunna talabijin don in ji muryar mutum. Tashar tana nan inda Alhaji ya bar ta. Ga motocin nan sun jeru suna gurnani. Na kai hannu zan kashe, sai na tuna cewa a daidai wannan lokaci, can gabas, akwai wanda ke zaune shi kaɗai yana kallon abin da nake kallo. Na zauna a ƙasa na jingina da kujera.

Ban fahimci komai ba ranar. Mai sharhin yana zuba Larabci kamar ana korar sa, ni kuwa Larabcina na cefane ne da gaisuwa. Motoci suna ta zagaye wuri ɗaya, ban san na gaba ba balle na baya. Amma mai takaba ba abin da take da shi sai lokaci. A tsere na biyu na gane jerin sunayen da ke gefen akwatin talabijin ɗin, wanda ke sama shi ke gaba. Na gane Tsoho da farar hularsa, na gane Yaro da motarsa ruwan lemo. Na gane cewa in mota ta shiga gefe mutane suka rufa mata, taya huɗu ake canzawa kafin kiftawa da bismilla, abin da Alhaji kan yi rabin yini a kai yana faɗa da mai faci. Na gane kuma ba tsere ɗaya ake ci a tashi ba. Maki ake tarawa tun farkon shekara, wanda ya fi a ƙarshe shi ke ɗaukar kambu.

Akwai wata tsohuwa 'yar Damagaram da kan zo min ran Alhamis ko duk ranar da ta samu hanya. Ta zo aikin Hajji tun tana da ƙarfi ta zauna, ba takarda, tana sayar da kuka da daddawa gida gida. Ita kaɗai ce ba ta daina hawo min bene ba. Wata rana ta same ni ina kallon maimaici, ta tsaya da ƙullin kayanta a ka.

"Hajiya, mi nika gani haka? Mai takaba da kallon motoci?"

"Malam bai ce haramun ba ne, Iya."

"To su waɗanga ina za su?"

"Ba inda za su. Nan suka tashi, nan za su dawo."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in dai zagaye ake so, ga Ɗakin Allah can mutum ya zagaya ya samu lada. Na yi dariyar da rabona da ita tun Alhaji na da rai. Ban gaya mata dalilina ba, ita ma da ɗan farinta a gida, na san amsar da za ta ba ni.

Haka na bi su har aka zo saura tsere uku. Tsoho na gaba da maki, kuma daga abin da na tsinta a bakin mai sharhi, in ya ci na ranar shi ke nan, kambu ya zama nasa, sauran biyun cika sharaɗi ne. Na yi la'asar da wuri na zauna. Yaro ne a gaba kusan tun tashi, Tsoho na manne da shi, wani na uku na biye da su kurkusa. Saura zagaye biyu, a wata kwana, Tsoho ya cusa hancin motarsa ta ciki, ya matse Yaro har tayoyinsa suka sauka daga kwalta, ya wuce abinsa. Ni ban ga laifi ba ko kaɗan. Matar direban alhazai ce ni. Na sha zama a kujerar gaba ina ganin Alhaji ya yi wa mutum haka a shatale-tale, ya ɗaga masa hannu, kowa ya kama gabansa. A Makka in ka jira a ba ka hanya, a nan za ka kwana. Na ce a raina, yau ga wanda ya iya tuƙi.

Aka kaɗa tuta, Tsoho na farko. Daidai nan aka kira magariba. A gidanmu da an ce Allahu akbar ake kashe akwati, ko me ake nunawa, haka Alhaji ya saba, haka na yi. Na yi salla, na zauna a kan dardumar da waya a hannu. Ina da abin faɗa yau, karo na farko. Na san abin da Alhaji zai ce da yana nan, na ji shi ya fi sau ashirin ta ƙofar kicin. Na danna wurin ɗaukar murya na saki, na danna na saki, sau biyar. A na shida na daure. Ko a nan ban iya yi masa magana kai tsaye ba, cewa na yi, "A gaya wa masu goyon bayan Yaro, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsoho ya gama da ku." Na tura, na kife wayar a ƙasa kamar za ta cije ni.

Da na ɗaga bayan isha, alamar ta nuna ya saurara. Ba amsa. Kunya ta rufe ni ni kaɗai a ɗaki. Na ce shi ke nan, na zubar da girmana a banza, tsohuwa mai takaba tana tsokanar ɗan farinta a kan motar Turawa. Na ce wataƙila ma ya ji zafi, ya ga na sa bakina a wurin ubansa tun ƙasa ba ta bushe ba. Na nemi yadda ake goge saƙo ban iya ba.

Washegari Litinin, ina wanke kofin shayi, wayar ta yi ƙara. Ba Juma'a ba ce, don haka na ɗauka wani abu ne ya faru.

"Ummi, ke kika aiko wannan?"

"Akwai wani a gidan ne bayan ni?"

Ina jin ƙarar hanya, yana cikin mota.

"Ba ki ga abin da ya faru ba'adin ba? Bayan an gama?"

"Na ga an kaɗa tuta. Na ga Tsoho a gaba. Sai aka kira salla."

"Ya ummi, an ƙwace. Alƙalai sun zauna, sun duba hoton, sun ce Tsoho ya tura Yaro waje. Sun ƙara masa sakan biyar. Ya koma na uku. Yaro ne ya ci."

Ashe na riga malam masallaci. Amma maimakon kunya, sai na ji wani haushi ya taso min, na gaske.

"Sakan biyar a ina? Mota ta riga ta tsaya, mutum ya fito ya cire hula, ina za su liƙa masa sakan biyar?"

"A takarda, ummi. A lissafin lokaci."

"Wannan ai zalunci ne. In ba a so a matse mutum, a shimfiɗa wa kowa hanyarsa daban. Shi Yaron me ya hana shi rufe ƙofa? Barci yake yi?"

"Mamnu'i ne, an hana, dokar ta ce sai ka bar masa wuri."

"Ubanka shekara talatin yana tuƙi a Mina, wa ya taɓa bar masa wuri?"

Sai na ji ya fashe da dariya. Dariyar nan na san ta, amma daga nesa, ta cikin wayar wani. Ban taɓa jin ta a kunnena ba. Na nemi kujera na zauna da kumfar sabulu a hannuna. Ya shiga yi min bayani, Hausar tana ƙare masa yana cikawa da Larabci, ina gyara masa yana maimaitawa. Ya ce jiya ma bai amsa ba ne don alƙalan sun daɗe ba su yanke ba, kuma da suka yanke bai san yadda zai gaya min ba. Ya ce da Baba na nan da yau ba za a sha ruwa ba, sai ya ce an haɗa baki da alƙalai. Na ce ai an haɗa ɗin. Can ya ce, "Tun yaushe kike kallo?" Na ce, "Tun da aka bar ni da akwatin." Na ji yana jan hanci, ni kuma na ce hayaƙin girki ne ya shiga min ido, alhali ban ɗora komai ba.

Kafin ya kashe, don ya iso ƙofar wurin aiki, ya ce yanzu magana ta dawo sabuwa. Ratar ta ragu, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ko da yake shi ya ce "sai miya ta halas." Saura biyu. Ya ce in kalla, zai kira. Na duba fuskar wayar, minti goma sha bakwai.

Sai da na koma kan kwanukan na gane abin da ya faru. Da Tsoho ya ci jiya, da kambu ya tafi, da ɗana ba shi da abin cewa sai ya haɗiye, Juma'a ta zo mu yi gaisuwarmu. Alƙalan da na gama zagi su suka saya min Lahadi biyu. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Allah ya yafe min, Alhaji ma ya yafe min, na yi murna da aka ƙwace wa gwaninsa.

A tsere na gaba ya kira tun kafin a tashi. Na riƙe ɓangaren Tsoho da baki, ina ta cika baki yadda ya kamata, amma da hayaƙi ya tashi daga bayan motarsa ya gangara gefe ya tsaya, zuciyata fari tas. Na ce wa ɗana asiri aka yi masa. Ya ce Turawa ba su san asiri ba. Na ce shi ne bai san Turawa ba. A cikin wannan musun na ji cewa ya bar gidan da yake haya ya koma wani, kuma akwai wata yarinya 'yar Jidda da ƙanwarsa ta sani ni ban sani ba. Ni dai na ce Yaro bai iya shan kwana ba.

Na ƙarshen ya faɗo saura kwana tara in fita takaba. Yaro ya yi gaba ba wanda ya kamo shi, amma Tsoho ya lallaɓa ya zo na biyu, kuma hakan ya ishe shi da ɗan abin da ya rage masa. Wannan karon ban kashe ba sai da na tambaya.

"An gama, ko alƙalai za su zauna?"

"An gama, ummi. Mabruk. Kun ci."

Ya faɗe shi kamar ni na tuƙa. Aka fara kiran magariba a masallacin ƙasan benenmu, na kashe akwatin, ɗakin ya yi tsit, saura ni da numfashinsa a waya. Na ce masa to, sai Lahadi mai zuwa ko ta sama?

"A'a, ummi. Shekara ta ƙare ai. Hutu za su yi."

"Hutun kwana nawa?"

"Wajen wata uku."

Ba wanda ya taɓa gaya min ana hutu. Ina kicin duk shekarun nan, ban lura akwai watannin da wayar Alhaji ba ta ƙara ran Lahadi ba, don shi yana da wasu hanyoyin zuwa wurin ɗansa. Ni wannan ɗaya ce da ni. Maganar tana bakina, gajeriya ce, in ce ka kira ko ba tsere. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "To, Allah ya kai mu."

Ya ce amin. Bai kashe ba, ya jira. Ni ma na jira. Ladan ya kai ƙarshen kiran salla, sannan ya ce, "Sai Juma'a, ummi."